Zauren Fatake: Kifin Ayari Ba A Sayensa Ɗaya-Ɗaya

 

Cikin saƙonnin da suka shigo bayan fitowarmu ta baya akwai na wata baiwar Allah, 'yar ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na kudancin Madani, wadda yanzu take zaune da 'ya'yanta a gidan haya a Kassala. Maigidanta ya dawo daga fatauci ya zo wa yara da tsaraba: ƙananan kifaye biyu masu layi-layi a jiki, cikin wata kwalba mai siffar tulu. Kwana huɗu, ɗaya ya mutu. Ɗayan ya daina cin abinci, ya lafe a gindin kwalba, launinsa ya dushe. Autarta ta yi ta kuka har ta ƙi cin abincin dare. Tana tambaya, ta sayo wani guda ta ƙara masa, ko ta haƙura?

Hajiya, amsar a taƙaice ita ce kada ki sayo guda ɗaya, kuma kada ki ƙara komai cikin kwalbar nan. Dalili yana tafe, da abin da za ki yi wa wanda ya rage.

Na san wani zai ce, Malam, a wannan hali da ake ciki ana ta kai wa yake ta kaya, kai kuma kifin ado ne ya dame ka? To, ku dubi yaran. Yaron da ya tashi a ƙauyen Jazira ko bakin kogi wajen Sinja, da kaji ya tashi, da tantabaru, da akuyar da yake yanko wa ciyawa. Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan da ya iso Madani a Disambar shekarar, yara da yawa sun tsinci kansu a ɗaki biyu na haya a Gadarif, Bur Sudan, Alƙahira ko Jidda, inda mai gida ba ya yarda ko da kaza. Uban da ya sayo kifi, wani abu mai rai yake nema wa ɗansa da zai riƙa kula da shi. Niyyar mai kyau ce. Sai dai in kifin ya mutu cikin mako, an yi asarar kuɗi, an kuma ƙara wa yaro wani rashin a kan wanda yake da shi.

Me ya sa sai ayari

Mu Hausawan Sudan ba baƙin kifi ba ne. Daga madatsar ruwan Sinnar har tafkin Rusairis, duk inda ka ga kwalekwale da koma, da wuya ka rasa Bahaushe a wurin. Mun iya kama kifi, mun iya banda, mun iya ciniki. Riƙe shi da rai cikin gilashi ne sabon karatu a wajenmu. Amma abin da masunci ya sani a kogi shi ne tushen karatun.

Ku tambayi kowane masunci labarin kawara, kifin nan mai sheƙi kamar azurfa, wanda su ma Larabawan Sudan kawara suke ce masa, suna yin fasikh da tarkin da shi. Zai gaya muku kawara ba ta tafiya ita kaɗai. In koma ta faɗa kansu, da yawa take ɗebowa. Dalili kuwa, tsage da giwan ruwa suna farautarsu. Idan suna tare, idanu sun yi yawa, wanda ya fara hango haɗari ya juya, sauran duk su juya. Shi kuma mai farautar, in ya ga ɗari suna walƙiya lokaci guda, sai ya rasa wanda zai bi. Allah ya yi wa kifi wani siririn layi a gefen jiki, daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa, har ya san inda na kusa da shi ya nufa ko da ruwan ya yi duhu. Abin mamaki, ayarin kifi ba shi da madugu. Kowa na lura da maƙwabtansa biyu-uku ne kawai, da haka dukkansu suke tafiya kamar jiki ɗaya.

Yawancin ƙananan kifayen ado da ake sayarwa a shaguna irin wannan halitta gare su. In ka ware ɗaya ka sa a kwalba, shi a wajensa an cinye 'yan'uwansa ne, saura shi. Dare da rana cikin tsoro yake. Kifin da ke cikin tsoro ba ya cin abinci sosai, launinsa yana dushewa, jikinsa yana rauni, ƙaramar cuta sai ta kayar da shi. Biyu ma ba ayari ba ne: sau da yawa mai ƙarfi yakan tasa mai rauni a gaba, ya yi ta korarsa har ya galabaita.

Ƙa'idar masu kiwon nan ita ce shida ne mafi ƙaranci, takwas ko goma sun fi. Kuma shidan su zama iri ɗaya. Wannan wuri ne masu saye suke yawan faɗawa: a zaɓi ja ɗaya, shuɗi ɗaya, mai ratsi ɗaya, don akwati ya yi kyau. Kifi shida iri shida, kaɗaitattu shida ne ka tara.

Mu dai bai kamata a daɗe ana yi mana bayanin wannan ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji da ƙafa ba su taho ɗaiɗai ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'a ya ci gaba zuwa gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Duk wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a tashar garin da bai san kowa ba ya san abin da kifin kwalbar nan yake ji.

Wanne za a saya

Hajiya, duba layukan jikin kifinki. In sun miƙe daga kai zuwa wutsiya, shuɗi da fari-fari, to shi ne zebra daniyo, asalinsa Indiya da Bangaladash. Tsawonsa ba ya wuce santimita 5, yana jure ruwa daga digiri 18 zuwa 28, kuma ba shi da tsirfa wajen abinci. Ga wanda zai fara, a ƙasa irin tamu, ban san wanda ya fi shi ba. In an kula da shi yakan yi shekara uku ko fiye.

In kuwa baƙaƙen ratsi huɗu ne suka sauko daga baya zuwa ciki, a jiki mai ruwan lemo, wannan shi ne taiga-bab na ƙasar Indunusiya. Kyakkyawa ne, amma mafaɗaci. In sun yi kaɗan sai su koma cizon wutsiyar sauran kifaye. In sun kai takwas, rigimarsu tana tsayawa a tsakaninsu. Suna son wuri mai faɗi, lita 100 ko kusa da haka.

Akwai niyon tetra, ɗan ƙaramin nan mai layi shuɗi mai haske kamar fitila da ja a ƙasansa. Shi ne yara suka fi nunawa da yatsa a shago. Daga rafukan dajin Amazon yake, a Kudancin Amurka, inda itatuwa suka rufe ruwa da inuwa. Yana son ruwa tsakanin digiri 20 zuwa 26. A Madani ko Damazin, cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ruwan da ke ɗaki kuma ya wuce 30. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya, ya bar niyon a shago.

Gupi, mai wutsiya kamar mafici, yana da juriya kuma yana haihuwar 'ya'ya da ransu kusan kowane wata. A sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, in ba haka ba mazan su gajiyar da su. Sai dai a yi shirin inda za a kai 'ya'yan, don wata uku ya isa akwati ya cika.

Kifin zinariya kuwa, wanda aka fi gani cikin kwalba a hotuna, na ruwan sanyi ne, asalinsa ƙasar Sin. Yana girma ya wuce santimita 20, kashinsa yana da yawa. Ba ya haɗuwa da waɗancan.

Wani zai ce, me zai sa in kashe kuɗi, ga 'ya'yan kawara da na karfasa a kogi kyauta? Kawara tana girma ta kai tsawon tafin hannu ta wuce, gudu take so, kuma tana tsalle ta fice. Karfasa, wato bulti, tana ƙarama tana tafiya da 'yan'uwanta, in ta girma sai ta kama wuri ta hana kowa sakat, ta tone yashi. Waɗannan na kududdufi ne da tanki babba.

Mazauni

Kwalba mai siffar tulu tana da aibi uku. Bakinta ƙarami ne, iska kuwa ta saman ruwa take shiga. Ruwanta kaɗan ne, saboda haka yana saurin ɗaukar zafi da saurin lalacewa. Sannan ba ta da tsawon da ayari zai yi gudu ya juyo.

Abin da ake so akwatin gilashi ne mai tsawo. Lissafinsa mai sauƙi ne ga ɗan kasuwa: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000, ya ba ka lita. Akwati mai tsawon 60, faɗin 30, zurfin 30 yana cin lita 54, kusan jarka uku ke nan. Wannan ya ishi zebra shida zuwa takwas. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da yashi ka doshi kilo 70, don haka a nemi teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, a shimfiɗa soso ko kwali mai kauri a ƙasa. Kada a ajiye shi inda rana take faɗowa ta taga, ko kusa da murhu. A yi masa murfi mai ƙofar iska, saboda zebra yana tsalle, kyanwa tana leƙe, haboob kuma in ya taso ba ya barin komai a buɗe.

A ciki a zuba yashi ko tsakuwa wankakkiya, a sa tsiron ruwa ko 'yar tukunyar ƙasa sabuwa a gefe don su samu maɓoya, a bar tsakiya fili. Sai ɗan injin iska da matatar soso. Matatar soso ita ce mafi araha, kuma ita ta fi dacewa da inda wuta take wasa.

To Hajiya, kafin akwati ya samu, ga abin yi yau. Ki sayi sabon baho na roba mai faɗi wanda sabulu bai taɓa shiga ba, mai cin lita 20 ko fiye. Ki zuba ruwan da ya kwana biyu a ajiye, ki bar kwalbar kusa da shi awa ɗaya ko biyu har zafinsu ya daidaita, sannan ki mayar da kifin a hankali. Ki sa masa maɓoya, ki rufe da yadi mai raga, ki ajiye a inuwa inda yara ba sa yawan wucewa. Duk kwana biyu ki kwashe kwata ki zuba sabo. In akwati ya nuna, ki sayo biyar ko shida irinsa.

Ruwa: a nan ake yin kuskure mai tsada

Ruwan famfo yana da kulorin. Tun da aka bayyana ɓarkewar kwalara a Sudan a Agustan 2024, an ƙara ƙaimi wajen zuba shi a tankuna, ana kuma raba ƙwayoyinsa gida-gida. Wannan alheri ne, kada wanda ya daina sa wa ruwan shansa saboda kifi. Amma kulorin da ke kare ɗanka, shi ke ƙona wurin da kifi yake numfashi. Ruwan kifi a ware shi daban: a zuba a bokiti mai faɗin baki, a bar shi kwana biyu, kulorin zai fice. A rufe bokitin da yadi marar kauri, don sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a irin wannan ruwa mai tsabta yake ƙwai. A wasu manyan birane ana amfani da wani nau'in kulorin da ba ya fita da ajiya. Wanda ke zaune a irin waɗannan wurare ya sayi maganin cire kulorin a shagon kifi, ɗigo kaɗan ake sawa.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, Shuɗin Nilu yana saukowa daga tsaunukan Habasha da laka, ruwa ya koma kamar kunu. Wanda aka kwantar da alif kada a ba kifi. A bar shi ya kwanta da kansa, a tsiyaye na sama.

Yanzu ga maganar da ta fi kifin muhimmanci. Waɗanda suka koma gida Jazira, ko suke ƙauyukan bakin tur'a, kada ku tura yaro ya shiga tur'a ko abu-ishirin don ya kamo ƙananan kifi ko ya cire ciyawar ruwa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, waɗannan magudanan ruwa suka zama gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, wadda ake kira bilharsiya. Katantanwar tana sakin wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, su huda fata su shiga jiki. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari ko bayan gida, in an yi sakaci ta taɓa hanta ko mafitsara. Saboda ita da zazzaɓin cizon sauro da gudawa aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979, aka yi kusan shekara goma ana fama, cutar kuma ba ta ƙare ba.

Tsutsar ba ta wuce kwana biyu a ruwa in ba ta samu jikin mutum ba, shi ya sa ruwan da aka ajiye kwana biyu ya fi aminci. Amma in katantanwa guda ta biyo ciyawa ta shiga akwatinka, za ta iya ci gaba da sakin sababbi a cikin ɗakinka, yara kuma kullum hannunsu na ciki. Saboda haka ciyawar tur'a da katantanwarta ba sa shiga gida. Yashin bakin kogi a wanke shi, a tafasa, a shanya. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani, farazikwantal, ma'aikacin lafiya yana bayarwa gwargwadon nauyin yaro ko tsawonsa.

Sannan jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshin auduga ko na kayan lambu, ko an wanke ta sau goma, ba ta ruwan kifi ba ce. Ba ta ruwan mutum ba ce ma.

Makonnin farko

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce ko da kaɗan ce. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, da suke zama cikin soson matata da yashi. Sabon akwati ba shi da su, kuma suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Shi ya sa za ka ga ruwa garau kamar na gora, kifi kuma yana mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza, amma wannan tsamin ido ba ya ganinsa.

Hanya ita ce a haɗa akwati, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan ƙwayar abincin kifi duk kwana biyu alhali babu kifi a ciki, har wata guda. Wanda yake da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, ya roƙi a matse masa ruwan soson matatarsa, ya zuba a nasa, zai rage kwanakin jira. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ranar da aka sayo kifi, a ɗora ledar a kan ruwan akwati minti 20 ba a buɗe ba. Sannan a buɗe, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, a kwaso kifin da raga, a zubar da ruwan shago. A watan farko a canza kwata na ruwa sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya ya isa. Ba a kwashe ruwa duka, ba a wanke akwati da sabulu. Soson matata a matse shi cikin tsohon ruwan da aka kwasa, don ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan da aka sha wahalar tarawa. Ruwan da aka kwasa kuma taki ne, a zuba wa na'ana'a ko rama.

Zafi da ɗaukewar wuta

Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa tana raguwa. A digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kusan 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙata. In ka ga sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta yi kaɗan.

A sayi ɗan ma'aunin zafi a manna. In ya haura 30, a ɗaga murfi a sa raga, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi shi ke tafiya da zafi. Ana iya jefa gorar ruwan sanyi a rufe ta yi yawo a sama, amma kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, sauyin gaggawa ya fi zafin illa. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa, a lulluɓe akwati da bargo da dare.

Maganar wuta, kowa ya san halin da ake ciki. Akwai ƙananan injinan iska masu aiki da batir, akwai masu jona wa fawabank irin na waya. Wanda zai sayi akwati ya haɗa da wannan tun ranar farko. In babu, duk bayan awa ɗaya ko biyu a ɗebi ruwan akwatin da kofi mai tsabta a zubo shi daga sama sau da yawa. Kuma muddin wuta ba ta dawo ba, a dakatar da abinci.

Abinci da hannaye

Yunwa ba ta cika kashe kifin gida ba, ƙoshi ne ke kashe shi. A gidan da yara biyar suke, kowa yana so ya ba shi, baƙo ma in ya zo sai ya jefa. A naɗa mutum ɗaya. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ban da burodi, ban da kisra, ban da tuwo, suna ruɓewa su ɓata ruwa. 'Ya'yan sauron da aka tsamo daga randa kuwa, wannan nama ne a wajensu.

Uwargida, wannan taki ce. Hannun da ke da humra, karkar, sabon lalle ko sabulu kada ya shiga ruwa. Ranar turaren wuta mai yawa ko dukhan, a rufe akwati. Maganin sauro na feshi yana kashe kifi nan take: kafin a fesa a kashe injin iska, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗaki ya sha iska a buɗe. Gidan sauro mai magani ma kada a yanka shi a yi ragar kamun kifi ko murfi.

Kowace safiya a ƙirga su. Wanda ya ware daga ayari ya koma lungu, shi ne marar lafiya. In an ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsu, cuta ce mai yaɗuwa, akwai maganinta a shagon kifi, kuma gara a fara da wuri. Sabon kifi a ajiye shi a baho daban mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

In tafiya ta kama

Mu mutanen hanya ne, dole a yi wannan lissafi. Lafiyayyen kifi yana iya kwana uku ko huɗu ba abinci, ba abin da zai same shi. In tafiyar ta fi haka, a ƙulla abincin kowace rana a 'yar takarda daban a ba maƙwabci, a ɓoye gwangwanin. In ƙaura ce, a hana su abinci kwana ɗaya kafin tashi, a sa su a leda mai kauri, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska, a saka cikin kula ko kwali a inuwa. Soson matata a ɗauke shi a jiƙe. Akwati kuma ba a ɗaga shi da ruwa a ciki.

In ba za a iya tafiya da su ba, a ba wani ko a mayar wa mai shago. Kada a sake su a kogi ko tur'a. Kainuwar nan mai fure da ta toshe Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950, har jiragen ruwa suka riƙa maƙalewa, asalinta tsiron ado ce daga Kudancin Amurka. Kifin gambusiya da aka zuba a magudanan Jazira don ya ci 'ya'yan sauro, shi ma baƙo ne daga Amurka, kuma a ƙasashe da dama an same shi yana cinye ƙwai da 'ya'yan kifin gida. Abin da ka saka a ruwa ba ka iya kiransa ya dawo.

Wanda kuma ya san zamansa bai tabbata ba, yau nan gobe can, ya dakata tukuna. Dabbar da ka tsare ta zama amana a wuyanka, ba ta iya fita neman abinci ko ruwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga 'yan'uwana masu sayar da kifin ado, ko masu shirin shiga sana'ar a Omdurman, Alƙahira ko Kano: ku gaya wa mai saye gaskiya. Ku tambaye shi girman akwatinsa, ku ce masa wannan shida ake saye, wancan ba ya jure zafi. Wanda ka sayar wa biyu a kwalba, sau ɗaya za ka gan shi. Wanda kifinsa ya rayu, zai dawo sayen abinci duk wata, ya kuma kawo maka maƙwabcinsa.

Masu tambaya kan kiwon karfasa a tankin siminti a bayan gida, na ga saƙonninku, a kansa za mu zauna a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Masuntanmu na Sinnar da Rusairis da ke karanta wannan shafi, ku aiko mana da abin da kuka sani game da lokacin da kawara take hawa da sauka, mu ƙaru da ku. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya sa albarka a nema.